Injin da Ba Ya Tashi Ran Lahadi

A ƙauyenmu, can kan hanyar ƙasa tsakanin Bodinga da Shagari, da kunne ake gane ranar Lahadi. Kowace safiya, kafin rana ta gama hawa kan rumbuna, injin niƙa zai yi ɗan tarinsa, sannan ya kama bugu, dum dum dum, har cikin ƙirjin mutum. Ran Lahadi kuwa shiru kake ji. Sai kukan kurciya ya fito fili, ka ji guga tana bugun gefen rijiya, ka ji tsohuwar bayan masallaci tana yi wa awakinta faɗa kamar suna fahimta. Ina ƙarama na ɗauka haka duniya take ko'ina, cewa a kowane gari akwai safiya ɗaya a mako da ake bar wa tsuntsaye.

Mai injin dattijo ne sa'an kakana, kuma shi kaɗai ne Kirista a garin. Baba mai inji muke ce masa. Daga ƙasar Zuru ya zo tun yana saurayi, cikin masu aikin hanya. Aikin ya yi gaba, shi ya tsaya. Maigari na wancan lokaci ya ba shi wurin zama da ɗan fegi a fadama, ya koyi noman albasa, daga baya ya sayi inji. Matarsa ta rasu tun kafin in yi wayo, aka kai ta gida aka binne, ya dawo shi kaɗai. Ba su haihu ba. Ni dai na buɗe ido na same shi da gari a gira, gari a gemu, yana magana da Sakkwatancin da ya fi na wasu haifaffun garin kauri.

Saboda shi matan ƙauyenmu suka saba kai niƙan Lahadi tun Asabar da yamma. Kakata, wadda ba ta taɓa yin abu ba tare da ƙorafi ba, takan auna geron tana mita.

"Wanga mutum da ranar hutunai! Ko maigari bai isa shi hana mu tuwo ba, amma shi ya isa."

Tana gama mitar kuma, in an sauke tuwon dare, kwanonsa na cikin waɗanda take fara zuba wa. Ni ce mai kai masa, har na girma aka miƙa wa wata.

Abin da yake yi da safiyar tasa kowa ya sani. Yakan yi wanka, ya sa wata farar riga mai maɓalli har wuya, ya shimfiɗa buhu a gindin kurnar da ke bayan ɗakin inji, ya kunna rediyonsa wadda ya ɗaure da robar taya don kada ta rabe biyu. Daga wata tasha mai nisa ake yin sujada da Hausa. Muryoyin sukan zo su tafi, su nutse cikin shuuu, su sake tasowa. Idan na wuce zuwa rijiya nakan rage tafiya. Ban tantance kalmomin waƙar da suke rerawa ba, ba ruwana da su ma, amma ina son yadda take zuwa tana komawa kamar mutanen suna cikin jirgin ruwa ne. Shi kuma idonsa a rufe, leɓensa na motsi, 'ya'yan kurna na faɗo masa a cinya bai sani ba.

Na tafi jami'a a Sakkwato na karanta ƙididdiga, don ina son lissafi kuma ina da taurin kan da ba na yarda da magana sai na ga adadi. A shekarar ƙarshe wani malaminmu ya kawo mana darasi kan yadda masana ke ƙirga mabiya addinai a duniya. Na yi tsaki a raina. Mene ne abin darasi a nan? Ka tambayi mutum addininsa, ya faɗa, ka rubuta. Ashe abin ya wuce nan. Masu wannan aiki, musamman waɗanda suka daɗe suna ƙirga Kiristoci, sun ware kalma ga kowane irin zama da mutum ke yi da addininsa. Akwai wanda ya furta da bakinsa cewa shi mabiyi ne. Akwai wanda sunansa ke rubuce a littafin wata majami'a, ko ya furta ko bai furta ba. Akwai mai zuwa sujada a kai a kai. Akwai wanda sunansa ya shiga littafi biyu, wanda dole a cire ɗaya in ba haka ba a ƙirga mutum guda sau biyu. Har da ɓoyayye, mai riƙe da imaninsa a ciki ba tare da maƙwabcinsa ya sani ba. Aikin da aka ba ni na kammala karatu shi ne in mayar da waɗannan kalmomi Hausa, yadda ɗan ƙauye zai ji ya gane.

Da takardun na dawo gida hutu, lokacin cirar albasa. Zafi ake yi mai sa mutum barci a tsaye. Warin albasa ya cika garin, maza suna ɗaura rudu a bayan gidaje, wato rumfunan kara da ake jibge ta a ciki har ta yi daraja. Nakan zauna a inuwar rumbu da littafi a cinya, rabina na aiki rabina na mafarki, kalmomin suna yawo a kaina kamar ƙudaje. Kaka ta zo ta tsaya a kaina.

"Mi kika rubutu haka tun sahe?"

Na ce mata kalmomin ƙirga mutane ne bisa ga addininsu.

"Mutane aka ƙirga? Subhanallahi. Mutum akuya na?"

Kaka ko 'ya'yan da ta haifa ba ta faɗin adadinsu. Idan aka tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi, ta kawar da kai. Ta tafi tana gaya wa duk wadda ta haɗu da ita cewa an tura ni birni in yi karatu, na dawo ina ƙirga bayin Allah. Kafin la'asar labari ya isa ɗakin inji.

Washegari na kai niƙa. Baba mai inji ya karɓi ƙwaryar, ya ajiye ta gefe, bai zuba ba. Ya kashe injin ma gaba ɗaya, abin da ba ya yi da rana tsaka.

"'Yar boko, an ce mani mutane kika ƙirga. To ni, ina anka aje ni?"

Na ɗauka wasa ne, don kullum cikin tsokanata yake. Na zauna kan buhu na fara jero masa, tun daga wanda sunansa ya shiga littafi biyu a cire ɗaya.

"Akwai mai furtawa, Baba. Wanda in an tambaye shi zai ce shi Kirista ne."

"Wanga ni na. Ci gaba."

"Akwai ɓoyayye."

Ya yi dariya har gari ya zubo daga gemunsa. "Ni? Garin ga duka, har awaki, sun san Lahadina."

"Akwai mai zuwa sujada."

Sai ya ɗaga kai. A saman ɗakin, rataye a jikin azara, akwai tsohon kekensa, gari ya lulluɓe shi fari fat. Da shi yake zuwa Bodinga ran Lahadi a da, kafin gwiwoyinsa su ƙi.

"Akwai wanda sunansa ke littafin majami'a," na ce, muryata ta yi ƙasa.

"Da dai," ya ce. Ya ba ni labari a hankali. Majami'ar da yake zuwa a Bodinga ta ma'aikata ce, waɗanda ake kawowa a ɗauke. Waɗanda suka san shi duk an mayar da su wasu wurare, ko sun mutu. Har wurin da suke taruwa an ce an canza. Can gida kuma, sa'o'insa sun ƙare, yaran da suka taso ba su taɓa ganinsa ba. Ya shafa gwiwarsa, yana kallon ƙofa.

"Ɗiyata, abin da ka hana ni kwana ke nan. Ran da nim mutu, mutanen garin ga ba su iya yi mani salla, kuma gaskiyassu ta, ban ga laihinsu ba. Nawa kuwa ba su san da ni ba. To wa ka sa ni ƙasa? Wa ka yi mani 'yar waƙa ko guda?"

Tausayi ya kama ni, da haushi, kuma ban san wa nake jin haushi ba. Mutumin da na kai wa tuwo tun ina tatata yana kwana da wannan tsoro, ni ban taɓa sani ba. Ya tashi ya tayar da injin, ya niƙa mini gerona, na dawo gida.

A cikin kalmomin akwai wata da ta ƙi zama a Hausa. Masu ƙirgar sun ware wuri ga mutanen da suke nesa da kowace majami'a, ba su da fasto ba su da jama'a, abin da ke haɗa su da addininsu kawai shi ne shirin da suke saurara a rediyo. Na rubuta mabiyan rediyo, na soke. Na rubuta masu sujadar kaɗaici, na soke. A raina ina ganin waɗansu mutane ne can a bayan duwatsu, a ƙasashen da ban san sunansu ba. Har Lahadi ta zagayo. Na farka cikin wannan shirun, ina kwance a tabarma ina kallon hasken da ke shigowa ta ramukan asabari, sai iska ta kawo mini waƙar daga gindin kurna, tana zuwa tana komawa. Na tashi zaune. Wallahi sai da na ji kunyar wautata.

Na jira har ya kashe rediyon, sannan na je na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, na samo inda aka ajiye ka. Ana ce muku mabiyan rediyo."

Na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallona.

"Muku? Ashe akwai wasu?"

"Akwai, Baba. Da babu, da ba a yi musu suna ba."

"Su nawa?"

Na ce ban sani ba, masu ƙirgar ma kintatawa suke yi, daga saƙonnin da masu saurare ke aika wa tashoshin. Bai damu da adadin ba. Ya jingina da kurnar, ya rufe ido rabi, ya fara lissafa su kamar yana ganinsu. Wani tsoho a kan tudu da tumakinsa. Wani masunci a bakin gulbi, rediyo a cikin kwale-kwale. Wata mata da ta ajiye taɓarya ta zauna a kan turmi. Wani mai gadi a bakin ƙofar da ba tasa ba. Ya ce watakila ita ma matar rediyonta da roba aka ɗaure.

"Kuma dut lokaci guda muka kunnawa?"

"Ai shirin lokaci guda ake yin sa."

"Ikon Allah," ya ce. "Ni da nike cewa ni ɗaya na."

Rana tana ratsa ganyen kurna tana zana masa tabo-tabo a farar riga, can a fadama wani yana kiran wani da dogon suna. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na ji kamar filin nan na bayan ɗakin inji ya cika da mutane, kowa da buhunsa, ba wanda ke ganin wani. Daga nan ya buɗe ido ya yi murmushi, ya ɗan buga rediyon da yatsa.

"Jama'a tau na samu. Sai dai ba su da hannun riƙon hauyar haƙa kabari, 'yar boko."

A ranar na gaya wa mahaifina. Shi mutum ne da magana ke yi wa tsada. Yana gyara igiyar rudu na ba shi labari, bai ɗago ba har na gama.

"Mi ya hana shi hwaɗi tun tuni?" Abin da ya ce ke nan.

Ranar kasuwa ya ce in shirya. Ya goya ni a babur muka nufi Bodinga, muna ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa. A garin sai da muka yi ta tambaya, wani mai keke napep ya nuna mana lungu, wani mai faci ya ƙara nuna mana wani. Muka sami ɗan gini mai rufin kwano, wani mutum mai matsakaicin shekaru yana shara a ƙofa. Shi ne mai bishara, wato mai kula da wurin. Mahaifina ya yi sallama, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, alhali ba shiga zai yi ba. Haka ya tsaya a rana ba takalmi, ƙasa na ƙona shi, ya ƙi nunawa.

Ni ce na fara magana, da kalmomina. Na ce akwai wani dattijo a ƙauyenmu, mai furtawa ne, amma ba shi da suna a littafi, ba ya kuma iya zuwa sujada, ta rediyo yake bi. Na yi zaton mutumin zai yi mini kallon mahaukaciya. Sai ya jingine tsintsiyar, ya ce ya gane sarai, ya tambaya ko an yi wa dattijon baftisma. Na ce an yi, tun yana yaro a garinsu. Mahaifina ya ga zancen na neman tsawo.

"Malam, maƙwabcina na. Ya tsuhwa. In ta hwaru, wa za mu kira?"

Mai bishara ya ba shi lambar wayarsa, ya ce ko da wane lokaci ne. Ya kuma ce ba zai jira ta faru ba.

Bai jira ba kuwa. Ran wata Talata sai ga shi a kan babur, ya sha ƙasar hanya. Baba mai inji ya rikice, ya shige ɗaki ya fito da farar rigar Lahadi, ya sa maɓallan a karkace. Suka zauna a gindin kurna suka daɗe. Ban je ba, ba wurina ba ne. Da yamma na kai masa tuwo da kaina, na same shi yana ta murmushi shi kaɗai.

"An rubuta ni," ya ce. "Yanzu ga ni littahi, ga ni rediyo. Ba ke kinka ce wanda ya shiga wuri biyu cire ɗaya aka yi ba? To ki yi hankali da wanda za ki cire."

Na ce ba zan cire ko ɗaya ba, malaminmu ya yi abin da zai yi.

Ya ƙara ganin damina, ya ga wata cirar albasa. Mai bishara yakan leƙo jifa-jifa, wani lokaci da wani a bayansa. Ni kuma na gama karatu na sami koyarwa a Shagari. A daminar da ta biyo baya, gero ya kai ƙugu, mahaifina ya kira ni da safe ya ce in taho gida. Baba mai inji ya kwana bai tashi ba.

Kafin in iso an riga an kira Bodinga. Tun yana da rai ya roƙi a sa shi a kan ɗan tudun da ke gefen feginsa na albasa, maigari kuma ya amince. Mazan garinmu ne suka haƙa kabarin, don su suka san ƙasar. Mahaifina ya ce da mutanen majami'a suka iso a kan babura, 'yan kaɗan ne, ba su cika tabarma ba, sai namu suka miƙa musu wurin suka ja baya zuwa gindin gawo. Ba su matsa ba, ba su kuma tafi ba, suna tsaye da hauyoyinsu har aka gama, sannan suka dawo suka taya mayar da ƙasa.

Mu mata ba ma zuwa kabari. Ina tsaye a bayan dangar gidanmu, Kaka na zaune kan turmi ta yi tagumi. Sai na ji ta. Waƙar nan ce ta gindin kurna, wadda na sani tun ina zuwa rijiya, ta taso daga fadama ta ratso gonakin gero. Muryoyin ba su da yawa, iskar damina tana kawo su tana mayarwa, su nutse cikin shuuu na ganyen gero su sake tasowa. Daidai yadda take fita daga rediyonsa. Na kama dangar na yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da na jin daɗi a haɗe, don an yi masa waƙarsa. Kaka ta share ido da bakin zane ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Injin wani mutum ne daga wajen Kajiji ya saye shi, Musulmi, mai iyali. Lahadin farko ya tayar da shi da sassafe, ya zauna yana jira. Ba wadda ta zo, don kowa ta niƙa nata tun jiya. Ya sake gwadawa, ya yi ta cigiya gida-gida cewa yanzu kullum ana niƙa, matan suka ce to, suka kuma ci gaba da kai nasu ran Asabar. Da ya ga mai kawai yake ƙonawa, sai ya mayar da safiyar Lahadi ta zuwa gona.

Yanzu idan aikin ƙididdiga ya biyo ta kaina aka tambayi yawan Kiristocin ƙauyenmu, babu nake rubutawa, don gaskiyar ke nan, kuma a duk kalmomin da na fassara ba wadda ta ce in rubuta wani abu dabam. Hutun da ya wuce na je gida. Ran Asabar da la'asar ina kwance a inuwar rumbu, barci na ɗaukata yana saki, sai na ji Kaka ta dungure ni da ƙafa. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai, amma ƙwaryar gero na hannunta.

"Tashi ki kai niƙa, malalaciya," ta ce. "Gobe Lahadi."